Baƙar Mota a Tsakar Rana

Baƙa ce motar, baƙa wuluk, kuma da kaka na saye ta, shekarar da masara ta yi kyau har na fara jin ni ma na kai mai mota. Da kaka ba wanda ke tunanin launin mota. Dillalin ya ce mini baƙar mota ita ce ta manya, na gyaɗa kai kamar na san manyan. Esin cikinta, na'urar sanyaya iska, ya yi aiki ranar da aka gwada mini shi, daga ranar bai sake ba. Bakanike ya ce gas ne ya tsiyaye, aka ɗura, ya sake tsiyayewa, na ce a bar shi, iskar Allah ma ta isa. Sai da bazara ta kama sannan na san abin da na saya. In na ajiye ta a kasuwar Dandume na shiga awon hatsi, kafin in dawo sitiyarin ba ya taɓuwa sai na cire hulata na riƙe shi da ita, kujerar kuwa tana kama bayan mutum kamar an ɗora masa tukunya. Abokan sana'a suka sa mata suna tanda, suna tambayata ko na fara sayar da gurasa.

Duk wannan abin dariya ne a lokacin. Zafin mota, in ni kaɗai zai dama, ba komai ba ne: in buɗe ƙofofi, in sha rake a gindin bishiya, in ta huce in kama hanyar Funtua.

A bazarar da nake ba da labari, matata na ɗauke da cikin fari, ta tafi goyon ciki gidansu, wani ƙauye a bayan Malumfashi. Ita ce 'yar fari a wurin mahaifiyarta, wadda muke kira Inna. Wanda ya san tsofaffinmu ya san abin da wannan ke nufi, balle Inna da ke da jinin Fulani. Tun da aka yaye matata aka miƙa ta ga ƙanwar babanta, Goggo, ita ta raine ta, ita ta aurar da ita, duk da gida ɗaya suke, tsakar gida ɗaya. Inna ba ta faɗin sunanta. In ta kama dole sai ta ce "yarinyar nan ta wajen Goggo". Ranar ɗaurin aurenmu maƙwabta ta shige ta wuni. Ban taɓa ganin su biyun a kan tabarma ɗaya ba. Ni kuma ga surukuta a tsakaninmu: in na je gaisuwa daga bakin ƙofa nake cire takalmi in durƙusa, ta amsa daga bayan labule, in tashi. Na fi sanin muryarta da fuskarta.

Wata safiya ina rumfata ta hatsi a Funtua aka kira ni a waya cewa ƙafafun matata sun kumbura, kanta na sarawa, an kai ta asibiti a Malumfashi. Da na isa likita ya ce jininta ne ya hau, irin na masu ciki, sai an riƙe ta a sa ido har a ga abin da hali zai yi. Goggo ta shimfiɗa tabarmarta a gefen gadon. Ni kuma na rufe rumfa, na tare a gidan wani abokina a garin, aikina kullum da safe in je ƙauye in ɗauko abinci da ruwan zafi.

Safiyar farko, ina tsaye a ƙofar gida ina jiran a miƙo kwanuka, sai ga Inna da kanta ta fito da su, da babban mayafinta da takalmin unguwa. Na durƙusa.

"An kwana lafiya? Ya masu jiki?"

"Da sauƙi, Inna."

"Zan bi motar in sauka a gari. Akwai wadda zan gaishe."

Ta buɗe ƙofar baya ta shiga, ta zauna a bayan kujerata daidai inda madubi ba zai haɗa idonmu ba. Muka shiga gari, na rage gudu a bakin kasuwa, na ce, "Inna, ina za a sauka?"

"A dai je."

Na wuce tasha, na sake tambaya. Amsar ba ta canza ba. Haka muka shiga ƙofar asibiti.

Akwai manyan darbejiya a gefen hagu in an shiga, inda masu jinya ke shimfiɗa tabarmi, masu motoci kuma na rige-rigen inuwar. Ranar na yi sammako, na samu wuri mai kyau, har ina yaba wa kaina. Ina kwasar kwanuka sai na ji ta ce, tana kallon wani wuri daban, "Wane ɗakin ne na matan?"

Na nuna mata, can gefen dama, dogon gini mai baranda.

"A matsar da motar can gindin katanga."

Na duba inda take nufi. Fili ne fetal, tsakuwa da jar ƙasa, ko ciyawa ba ta yarda ta fito a wurin ba. Katangar ma gajeriya ce, inuwarta ba ta isa akuya.

"Inna, can babu inuwa."

"A dai matsar."

Na matsar. Ba a yi wa suruka gardama. Sai da na shiga ɗakin na zauna a bakin gadon matata sannan na gane: tagar da ke kanta tana kallon wurin daidai. Ta ɗaga kai ta leƙa ta cikin raga, ta ce, "Ga tandarka can. Me ya sa ka ajiye ta a rana?"

Na ce, "Inna na ciki."

Ta sake leƙawa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi 'yar dariya ta ce, "Za ka dafa mini uwa."

Daga ranar kullum haka. Da safe ta fito da kwanuka, ta ce akwai wadda za ta gaishe, daga baya ma ta daina faɗa. Ta shiga bayan mota, mu iso, in ajiye a gindin katanga, ta zauna har la'asar sakaliya. Ba ta fita sai alwala da salla, shi ma a lungun da ke tsakanin motar da katanga. Ba ta shiga ɗakin, ba ta kuma zuwa gindin darbejiya, don a can akwai matan ƙauyukansu, kuma abu na farko da za a tambaye ta shi ne wa take jinya.

To, ni ne na koma mai rainon mota. Wanda bai san bazarar wajenmu ba sai ya ɗauka wasa ne. Tun hantsi iska ke tsayawa cak, sama ta yi fari, kwalta ta yi laushi, kaji su buɗe baki suna haki. Mutum na cikin ɗaki ma yana neman ceto, balle cikin baƙin ƙarfe da gilas ta ko'ina.

Na fara da abin da kowa ya sani. Na sauke gilasai duka, na samo kwalin taliya a wajen mai shago na rufe gilashin gaba, na danne da abin share ruwa. Kafin azahar kwalin ya lanƙwashe, zafin kuwa ta rufi yake sauka. Washegari na zo da tabarmar kaba guda biyu na shimfiɗa a saman, na danne da duwatsu, gefensu na zubowa kan tagogi. Ya ɗan rage. Na gwada barin injin a kunne ko fankar cikin za ta taimaka, sai ta riƙa huro iska kamar daga bakin maƙera, ita motar ma ta ɗau zafi, na kashe. Wani direba ya koya mini dabara: a buɗe ƙofar gaba ta wancan gefen, a riƙa kaɗa ta wannan gefen kamar mafici, iskar zafin ta fice. Haka zan tsaya, ƙato da ni, ina kaɗa ƙofar mota a tsakiyar asibiti, masu wucewa na kallona. Tana fita kam, amma kafin in goge zufa wata ta maye gurbinta.

Ƙofar baya kuwa ta gefen ɗakin, wadda da an buɗe ta iska za ta ratsa, Inna ba ta yarda. Na taɓa buɗewa na koma gefe, kafin in juyo ta jawo ta a hankali ta rufe. Da rana ta juyo ta wannan gefen tana dukan fuskarta, sai ta zaro wani tsohon zani daga jakarta ta rataya a tagar daga ciki, ta bar 'yar kafa a gefe, faɗin yatsa biyu.

Abin da ya fi yin aiki a wurin masu goro na koyo shi. Na je Funtua na kwaso buhunan algarara daga rumfata, na riƙa jiƙa su sharkaf ina shimfiɗawa a kan tabarmin, wasu in rataya a tagogin gefen katanga. In iska ta ɗan motsa sai ta shiga da sanyi-sanyi. Amma rana na shanye ruwan kamar da gayya. In jiƙa, in shiga in duba matata, in fito in tarar buhunan sun bushe ƙamas har suna tsayawa da kansu. Famfon asibiti ba kullum yake kawowa ba, sai na ƙulla da wani mai kurar ruwa, yana ajiye mini jarkoki a gindin katanga. Na yi niyyar kafa sanduna in ɗora zana in yi mata rumfa gaba ɗaya, maigadi ya zo ya tsaya a kaina.

"Malam, shanya kake yi ko gini?"

Na yi masa bayani iya abin da zai faɗu. Ya leƙa wajen motar, ya kawar da kai, ya ce, "Allah sarki. Irin na da ce. Amma kafa sanda a nan ba zai yiwu ba, ni za a tambaya." Ya kawo mini wani tsohon langa-langa na jingina a gefe, shi ma ya ɗau zafi ya zama wata wutar.

Sai maganar ruwan sha. Inna ba za ta sha ruwa a gabana ba ko da maƙogwaronta zai tsage. Ƙanƙara a garin kuwa ta zama zinariya, don wuta ba ta zama, sai na zagaya gidajen masu janareto kafin in samu dunƙule ɗaya. In naɗe shi a buhu tare da ruwan leda, in ajiye a kujerar gaba, in ce da iska, "Ga ruwa nan an ajiye," in yi tafiyata. In na dawo wani lokaci na tarar an sha, wani lokaci ƙanƙarar ta narke ta jiƙa kujera, ledojin na nan yadda na bar su. Na sayo 'yar fanka mai caji na ɗora a bayan kujera. Tana kaiwa azahar ta mutu, daidai lokacin da ake nemanta.

A cikin ɗakin kuma jikin matata ba ya gaba ba ya baya. Fuskarta ta cika, zoben hannunta sai da aka yanke. Ɗakin cike yake da mata, kusan kowace da uwarta a gefe, ana matsa mata ƙafa, ana yi mata fifita, ana yi mata faɗan ta ci abinci. Ina ganin inda idon matata ke zuwa. Da na shigo tambayarta ɗaya ce.

"Tana ciki?"

"Tana ciki."

"Ta ci wani abu?"

"Na ajiye mata."

Sai ta juya wajen taga. Da farko tana tsokanata, wai na mayar da mota rumbu, saura in yi mata jinka. Daga baya tsokanar ta ƙare. Wata rana da Goggo ta fita wanke kwanuka ta kama hannuna ta ce, "Ina jin tsoro. Ka ce mata ta shigo, ko ba za ta yi magana ba. Ta tsaya a bakin ƙofa kawai in gan ta."

Ni da ban taɓa yi wa Inna magana da ta wuce gaisuwa da "ina za a sauka" ba, ta ina zan fara? Na samu Goggo a bakin famfo na faɗa mata. Ta ɗauraye hannu, ta tafi, ta zagaya ta gefen katanga ta shiga motar. Ina hango su daga baranda, ba na ganin komai sai buhuna. Ta daɗe kafin ta fito, zaninta ya jiƙe da zufa.

"Kai dai bar ta," in ji Goggo. "Ɗiyar fari ce hwa. Ɗakin nan cike da mutanen garinmu, mi za ta ce masu?"

"Goggo, wannan fa ba addini ba ne."

"Ta sani. Ta fi ka sani. Kana ganin daɗi ne ya zaunar da ita cikin wannan wuta?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin Inna, na ji haushin duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan kunya, na ji haushin kaina da nake ɗaukar jarka ina yi mata hidima. Na ce a raina gobe ba zan ɗauko ta ba, in ba za ta shiga ba ta zauna a gida. Gobe ta yi, ta fito da kwanuka da mayafinta, na durƙusa na gaishe ta na buɗe mata ƙofa. Tawa uwar ma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, kuma duk gidanmu mun san shi ta fi so.

Wata azahar da rana ta yi kamar za ta sauko ƙasa, na zo jiƙa buhuna na yi sallama ba a amsa ba. Na sake, shiru. Na leƙa ta ƙofar gaba. Kanta ya jingina da kujera, mayafin ya zame, leɓɓanta sun bushe sun yi fari, carbi ya faɗi a ƙasa. Ranar na fara ganin fuskarta sosai, ashe matata kamar ta ta yi, har gashin gira. Na ruga na kira Goggo, ta zo ta shafa mata ruwa a fuska da wuya, ta ɗura mata a baki. Da ta farfaɗo abu na farko da ta yi shi ne jawo mayafi. Wata ma'aikaciyar jinya da ta biyo mu ta yi ta faɗa, ta ce so muke mu ƙara musu aiki, a fito da tsohuwa daga cikin mota ko a mayar da ita gida. Inna ta ce, "Gyangyaɗi ne ya ɗauke ni."

Na ce, "Inna, don Allah bari in mayar da motar inuwa, ko zuwa la'asar ne."

"A bar ta nan."

Na koma baranda na zauna a ƙasa. Ga mara lafiya a ciki ba abin da zan iya yi mata, ga mai lafiya a waje tana neman zama mara lafiya, ita ma ba abin da zan iya yi mata, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai daga rumfata zuwa masallacin kasuwa ba. Abin da ke hannuna kawai shi ne buta da jarka. Ban faɗa wa matata abin da ya faru ba.

Ranar ƙarshe ta fara kamar sauran. Na ajiye mota, na shimfiɗa tabarmi, na jiƙa buhuna, na shiga. Na tarar matata ta dafe kai tana cewa tana ganin wasu taurari-taurari a idonta. Aka auna, aka kira likita, aka sake aunawa. Wajen azahar ya ja ni gefe ya ce ba za a ƙara jira ba, sai an yi mata aiki an ciro abin da ke cikin, in ba haka ba ana iya rasa su duka. Na ce a yi. Aka fara shirya ta, aka kawo gadon turawa. Ɗakin tiyata na can ƙarshen barandar, sai an bi ta gaban filin da motar take.

Matata ta san hanyar. Ta riƙe rigata ta ce, "Je ka ɗage tabarmar. In an zo wucewa da ni in gan ta."

Na fita da gudu. Na yaye tabarmar da ta zubo a gefen, na jefar da buhun da ke kai. Saura zanin, shi kuma daga ciki yake. Na durƙusa a kan tsakuwa, zafinta na cin gwiwata ta cikin wando, na yi maganar da ban taɓa yi ba.

"Inna, aiki za a yi mata. Yanzu za a wuce da ita ta nan. Ta ce tana son ta gan ki."

Zanin bai motsa ba.

"Inna, ita ce ta roƙa. Zanin kawai za a ɗage."

Na ji numfashinta ta bayan zanin. Can ta ce, muryar can ƙasa, "Allah ya raba lafiya."

Gilashin a sauke yake. Zanin na gabana, in na miƙa hannu zan taɓa shi. Hannun bai ɗagu ba. Barandar cike take da mutane, matan gindin darbejiya ma sun miƙe suna kallo, sai ga gadon an turo, Goggo na biye da shi tana salati. Matata ta juyo da kanta gefenmu tun daga farkon barandar, ba ta ɗauke ido ba har ƙarshe. Ni kuma na ɗaga mata hannu kamar wani mai rakiya a tasha.

A lokacin ne na ga gefen zanin ya motsa. Yatsa ɗaya mai jan lalle ya ja shi kaɗan, kafar ta ƙaru da abin da bai kai faɗin tafin hannu ba. Ni da ke durƙushe a wurin na gani. Daga baranda ba mai iya gani.

Na tashi na bi gadon da gudu in gaya mata, na iske an rufe ƙofa. Na ce ba komai, in ta fito zan faɗa mata: Inna ta gan ki, da idona na ga ta ja zanin.

Na dawo na mayar da tabarmar, na ɗauki buhun na jiƙa na mayar. Ba abin da zan yi da ya wuce wannan, sai na yi ta yi. Ko bushewa ba su yi ba nake ƙara ruwa, har ya riƙa gangarowa ta jikin ƙofa yana taruwa a gindin taya. Inna na nan a cikin motar. Ina jin ƙarar carbinta.

Aka leƙo aka ce an samu namiji, yana da rai. Na faɗa wa iska kamar yadda na saba, na ji an ce "Alhamdu lillahi" daga ciki. Aka sake leƙowa aka ce jini ya ƙi tsayawa, ana neman masu bayarwa. Na bayar, abokina ya zo ya bayar, maigadi ma ya kawo wani ɗan'uwansa. Aka kira la'asar, muka yi salla a baranda. Ina sallamewa na ji kukan Goggo, ban buƙaci kowa ya gaya mini ba. Likitan ya fito ya dafa kafaɗata yana magana, ina ganin bakinsa na motsi.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a zaune ba. Abin da ya tashe ni shi ne tunanin akwai wadda ba a gaya wa ba. Na nufi motar ina neman kalmar da zan fara da ita, ban samu ba. Kafin in ƙarasa sai ƙofar baya ta buɗe, ta gefen ɗakin. Ta zuro ƙafa ɗaya, ta zuro ɗayar, ta gyara takalmi, ta dafa ƙarfen ƙofar ta miƙe. Ƙarfen nan ko ni ba na iya dafa shi a wannan lokaci, ita ba ta ko cire hannu da sauri ba. Idonta a bushe.

"Ina jikan nawa?"

Tsakanin kaka da jika babu kunya, kowa ya sani. Na wuce gaba ta biyo ni, muka ratsa filin, muka hau baranda, matan suna matsawa suna ba ta hanya. Ta shiga ɗakin. An kawo yaron an naɗe shi a zani, yana hannun wata mata da ke jinya a gadon kusa. Inna ta karɓe shi, ta buɗe fuskarsa, ta ce, "Sannu da zuwa, maigida. Da rana tsaka ka zo."

Ba kujera a kusa, sai ta zauna a bakin gadon matata, zanin gadon na nan a yamutse yadda aka ɗauke ta. Tana jijjiga yaron a hankali, sai ta ɗaga kai ta dubi tagar. Ni ma na duba. Ga motar can a fili, tabarmi a kai, duwatsu, buhuna na ɗigar ruwa, ƙofa a buɗe, tsohon zanin na rataye. Ta daɗe tana kallo, ta ɗan sunkuya, ta matsa wajen matashin kai ta sake dubawa ta cikin ragar.

"Daga nan take kallo?"

"Daga nan, Inna."

"Ni ina ganin kanta in ta ɗago." Hannunta ya daina jijjiga yaron. "Ashe daga nan ba a ganin mutum."